Gishiri, Fensir da Jinin Sikila

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a daure a karanta har ƙarshe.

Jiya bayan isha'i muna zaune a ƙofar masallacin makaranta sai tsohuwar gardamar nan ta sake tashi, wai wane kwas ne ya fi amfani. 'Yan medisin suka ce ɗan fiziks ƙarshensa alli da allo, ɗan jiyoloji kuma mai tsintar duwatsu ne. Na yi shiru don sun fi mu yawa, amma wallahi da maganar na kwana. Bari in ba ku wani tarihi, sai ku yi hukunci da kanku.

Bakin fensir da daimon duk asalinsu kabon ne, amma ɗaya yana gogewa a takarda, ɗaya yana yanka gilashi. Kamar "rami" ne da "mari": haruffan ɗaya, jerin ne ya bambanta. To ta yaya za a ga jerin ƙwayoyin zarra alhali madubin likita ma ba ya hango su? Wannan tambayar ita ta haɗa fannonin da muke rabawa.

A 1895 wani malamin fiziks a Jamus, Röntgen, ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, wato eksire. A 1912 Max von Laue da abokan aikinsa a Munich suka haska shi a jikin kiristal, sai hasken ya watse ya bar ɗige-ɗige masu tsari a fim. Wani uba da ɗansa a Ingila, William da Lawrence Bragg, suka gane cewa daga ɗigon nan za a iya lissafa inda kowace ƙwayar zarra take zaune. A 1913 suka fitar da tsarin gishirin miya: kowace sodiyam tana kewaye da kulorin 6, kowace kulorin da sodiyam 6. A shekarar suka warware daimon, kowace kabon riƙe da 4 ta ko'ina. Daga baya aka tabbatar kabon na fensir shimfiɗe yake falle-falle, shi ya sa yake zamewa. An ba su Nobel a 1915, lokacin Lawrence yana da shekara 25. Ƙanin da yawa daga cikinmu ke nan fa.

Daga nan dabarar ta shiga yawon sassa. 'Yan jiyoloji suka ɗauke ta suna tantance ma'adinai da yumɓu, har gobe da ita suke aiki. A kemistri, Dorothy Hodgkin ta gano siffar fenisilin a 1945, ta kuma yi shekara 35 tana bin insulin kafin ta cim masa a 1969. Labarin Nobel ɗinta na 1964 a Gana ya riske ta, inda mijinta Thomas Hodgkin, masanin tarihin Afirka, yake aiki a jami'a. A bayoloji kuwa, hoton da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin a 1952 na cikin abin da ya kai Watson da Crick ga siffar DNA a 1953.

Yanzu ga inda maganar ta shigo gidajenmu. A 1910 wani likita a Chicago, James Herrick, ya ba da rahoton jinin wani ɗalibi da ƙwayoyinsa suka lanƙwashe kamar lauje. Likitoci sun ga siffar, amma aka yi kusan shekara 40 ba a san dalili ba. Sai a 1949 Linus Pauling, ɗan kemistri, da mutanensa suka nuna cewa himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, shi ne ya bambanta a jikin mai sikila. A 1956 zuwa 1957 Vernon Ingram ya gano ainihin wurin. Himogulobin yana da sarƙa 4, biyu daga ciki kowace tana da amino asid 146. A gurbi na 6 ne kawai aka sami canji, balin ya zauna a mazaunin gulutamik asid. Ɗaya tak cikin 146.

Shi wannan balin ba ya shiri da ruwa. Idan oksijin ya yi ƙasa sai ya manne da maƙwabcinsa, himogulobin ya jeru ya zama dogayen zare masu tauri, su tanƙware ƙwayar jinin. Ƙwayar da ya kamata ta lanƙwasa ta wuce siririyar jijiya sai ta maƙale ta toshe hanya. Ciwon ƙashin nan ke nan da ke hana yaro barci, ya hana uwarsa. Lafiyayyar ƙwayar jini takan yi kwana 120, ta sikila kwana 10 zuwa 20, shi ya sa kullum jini ke ƙaranci.

Kun san a ina Ingram ya yi aikin? A Cavendish, ɗakin binciken fiziks na Kambirij, inda Max Perutz ya yi shekara 22 yana haska himogulobin da eksire kafin ya ga siffarsa a 1959. Wanda ya tsaya wa Perutz tsawon shekaru kuwa shi ne Lawrence Bragg, mai gishirin nan.

Najeriya ce kan gaba a duniya wajen haihuwar masu sikila, kuma da wuya a sami ɗayanmu da bai san gidan da ake fama ba. Ni ma akwai a danginmu. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 ya zo SS. Kowane ciki na ce, don wasu suna zaton in an sami ɗaya sauran ukun sun tsira. Mu da muka yi karatu ba mu da uzuri. A yi gwajin jinotayif tun kafin soyayya ta yi nisa, kuma a maimaita a wani wuri na daban don a tabbatar.

'Yan medisin, ina girmama ku, amma in an sake zama a ƙofar masallaci ku tuna bayanin sikilar da kuke haddacewa ta ɗakin 'yan alli ya biyo. Mu ma sauran mu riƙa leƙa lakcar juna.

Allah Ya ba masu fama lafiya, Ya saka wa iyayensu. Wanda ya ga gyara, bismillah.