Canji: Ma'anar Kalmar Da Amfaninta

Canji aro ne daga kalmar Turanci "change". Asalin Hausarsa sauyi, aikatau kuma canza. A Jimeta, inda na taso, ma'anar da muka fara sani kuɗi ce: mai Keke Napep ya ce maka "babu canji", sai ka jira ko ka yafe hamsin ɗinka. 'Yan canji kuwa masu musayar dala da sefa ne, tunda Kamaru na kusa. Ku na Legas kun san su.

A 2015 kalmar ta zama taken APC, Bindow ya shiga gidan gwamnati a Yola. A 2019 Fintiri na PDP ya kayar da shi, shi ma ai canji ne. "Canjin kuɗi" kuwa, tun wahalar 2023, ba na jin mai faɗarsa da fara'a.