Tarihin Farfaɗo da Ƙasa Mai Kanwa da Takin Shanu a Arewacin Indiya

A kwarin Kogin Ganga, musamman a jihohin Uttar Pradesh da Haryana, akwai filayen da manoma ke kira usar, wato ƙasar da ba ta haihuwa. Da rani wani farin gari yakan tsatso ya rufe samanta kamar an barbaɗa toka. Sunansa reh, kuma ɗan'uwan kanwa ne. Tun zamanin da, masu wanki suna kwasarsa su wanke tufafi, masu yin awarwaron gilashi kuma suna narka shi. Manomi dai ba ya samun komai a irin wannan fili sai ciyawa jefi-jefi.

Illar tana fitowa ne daga sinadarin sodiyam. Idan ya yi yawa sai ya wargaza yumɓun ƙasa, ƙofofin da ruwa da iska ke bi su toshe. Da damina ruwa ya kwanta a sama ya ƙi shiga, da rani ƙasar ta daskare har garma ta kasa kama ta.

Matsalar ta daɗe, amma ta ƙaru a ƙarni na 19, bayan Turawan Ingila sun farfaɗo da hanyar ruwan Yamuna ta Yamma, suka kuma buɗe ta Ganga a 1854. An kawo ruwa ba tare da isassun magudanai ba, sai ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso, rana ta busar da shi, gishirin ya zauna a sama. Koke-koken manoma sun sa gwamnati ta kafa kwamitin bincike kan reh a ƙarshen shekarun 1870.

Gwaje-gwajen farko masu sauƙi ne. An killace wasu filayen usar a yankunan Aligarh da Kanpur, aka bar ciyawa ta tofo, aka riƙa zuba kashin shanu ana kifewa. Ƙasar ta nuna alamun sauƙi, amma a hankali. Taki kuma bai wadata ba. Masanin kimiyyar noma J. A. Voelcker, a rahotonsa na 1893, ya nuna cewa ƙarancin itace ne ke tilasta wa talakawa ƙona kashin shanu. Har yau a ƙauyukan yankin mata suna cura shi, su manna a bango ya bushe da sawun yatsunsu a jiki, sannan ya tafi murhu a maimakon gona.

Daga baya aka fahimci yadda takin ke aiki. Idan yana ruɓewa yakan fitar da iskar kabon da ruwa mai ɗan tsami, waɗanda ke narkar da tsakuwar farar ƙasa da ake kira kankar. Kalsiyam ɗin da ya fito daga cikinta shi ke ture sodiyam daga jikin yumɓu, ruwa ya wanke shi zuwa ƙasa. Ragowar takin yana ɗaure ƙasa ta zama dunƙule-dunƙule, saiwa ta sami hanya. Wannan aiki ne na shekaru, domin sai an maimaita zuba takin kowace shekara.

Sauyi babba ya zo da kafa Cibiyar Binciken Ƙasa Mai Gishiri ta Indiya a 1969, wadda ke da mazauni a Karnal. Ta tsara hanyar da aka fi bi yanzu. A daidaita fili a ɗaga masa kunya, a watsa garin dutsen jifsam, wanda akasarinsa daga Rajasthan yake zuwa, a cika filin da ruwa mai daɗi. Shinkafa ake fara dasawa saboda tana jure kanwa, alkama ta biyo baya, sannan a shuka dhaincha, dangin zamarke, a kife ta tana ɗanya. A 1993 Uttar Pradesh ta fara babban shirin farfaɗo da usar da tallafin Bankin Duniya.

Zuwan jifsam bai kori taki ba. Jifsam yana saurin buɗe ƙasa, amma ba ya ba ta abincin da ta rasa, kuma idan an haɗa shi da takin shanu akan rage yawan wanda za a saya. Filin da aka gyara aka daina ba shi taki, ko aka bar ruwa yana kwana a cikinsa babu mafita, reh yakan sake dawo masa.