Filomena: Kwanakin da Dusar Ƙanƙara Ta Rufe Birnin Madrid

Madrid, babban birnin Sifaniya, yana kan tudu ne a tsakiyar ƙasar, kimanin mita 650 sama da teku, kuma mazaunansa sun haura miliyan uku. Sun san sanyi sarai, domin duk hunturu iskar da ke gangarowa daga duwatsun Guadarrama tana kaɗa su. Dusar ƙanƙara kuwa baƙuwa ce mai gajeren zama a wurinsu: ta zuba da safe, yara su yi wasa da ita, kafin yamma ta narke. Kafin 2021, rabon birnin da ganin mai yawa tun shekarar 1971. Shi ya sa a farkon Janairun 2021, da masana yanayi suka fara cewa akwai abin da ke tafe, mutane da yawa suka ji maganar suka ci gaba da harkokinsu.

Lokacin ma ba na natsuwa ba ne. Annobar korona ta sake tasowa bayan bukukuwan ƙarshen shekara, asibitoci suna cika, akwai dokar hana fitar dare, kuma a ranar 27 ga Disamba ne aka fara yi wa mutane allurar rigakafi a ƙasar. Ranar Laraba 6 ga Janairu aka yi bikin Sarakuna Uku, ranar da Sifaniyawa ke ba yara kyaututtuka, kowa kuma yana shirin komawa aiki da makaranta a mako mai zuwa.

Abin da ya haddasa lamarin a sararin sama ba ɓoyayye ba ne. Tun ƙarshen Disamba wata iska mai tsananin sanyi daga arewa ta sauka ta kwanta a kan ƙasar, ta ƙi gusawa. Sai ga wata guguwa ta taso daga Tekun Atlantika, ta bi ta tsibiran Kanari da ruwa da iska, ta nufo kudancin Sifaniya ɗauke da iska mai ɗumi da laima. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasar, AEMET, ta raɗa mata suna Filomena a ranar 5 ga wata. Iskar ɗumi ta fi ta sanyi sauƙi, don haka da suka haɗu sai ta hau kanta, laimar da ta ɗauko ta daskare a sama ta riƙa zubowa. Madrid na daidai ƙarƙashin inda iskokin biyu suka yi karo. Ranar Alhamis 7 ga wata aka yi yayyafin farko, hukumar kuma ta fitar da jan gargaɗi, wanda shi ne matakin ƙarshe a ma'auninta, tana hasashen santimita 20 cikin awa 24.

Ranar Juma'a 8 ga wata an buɗe shaguna da ofisoshi kamar kullum. Wajen tsakar rana dusar ta fara sauka da gaske, kuma ba ta tsaya ba sai da ta yi kusan awa 30 tana zuba. Da yamma, daidai lokacin da ma'aikata suka fito za su koma gida, manyan hanyoyin da suka kewaye birnin, M-30 da M-40, suka fara toshewa. Mota ɗaya ta zame ta gitta a kan hawa, waɗanda ke bayanta su tsaya, dusa ta ci gaba da taruwa a tsakaninsu, har motocin da aka turo su share hanya su rasa ta inda za su bi. Fiye da mutum 1,000 ne suka kwana a cikin motocinsu a yankin Madrid, wasu sama da awa 12, suna kunna inji su ji ɗumi, su kashe don kada mai ya ƙare. 'Yan kwana-kwana da jami'an tsaro da rundunar soja ta agajin gaggawa, wadda ake kira UME, sun kwana suna bi mota mota suna fito da mutane. Ɗaruruwan motocin bas na birnin suka maƙale a kan tituna inda dare ya same su. An rufe filin jirgin sama na Barajas, an dakatar da jiragen ƙasa masu shiga birnin da masu fita. A Majadahonda, wani gari da ke gefen Madrid, ma'aikata da masu sayayya sun kwana a cikin wata babbar cibiyar kasuwanci don babu hanyar komawa gida.

Masu bin ƙwallon ƙafa za su tuna wannan daren. Jirgin da ya ɗauko 'yan wasan Athletic Bilbao ya iso sararin Madrid ya kasa sauka, ya juya, aka ɗage wasansu da Atlético. 'Yan Real Madrid kuwa sun yi awanni zaune a cikin jirgi a Barajas kafin a bar su su tashi zuwa Pamplona, inda washegari suka tashi babu ci da Osasuna. Kocinsu na lokacin, Zinedine Zidane, ya fito fili ya ce bai kamata a buga wasan ba. Ba su samu komawa gida ba, daga can suka wuce Malaga don gasar da ke gabansu.

Da gari ya waye ranar Asabar, dusar ta kai kimanin santimita 50 a tsakiyar birnin, wato har gwiwar babban mutum, ninki biyu da rabi na abin da aka yi hasashe. Babu ƙarar mota ko ɗaya. Mutane suka fito cikin mamaki da murna, domin yawancinsu ba su taɓa ganin garinsu a haka ba. An ga masu sulu da katakon ƙafa a kan Gran Vía, titin da ya fi kowane cunkoso, an ga matasa suna jifan juna da dunƙulen dusa a dandalin Callao da Puerta del Sol, har an ga mutumin da karnuka ke jan kekensa na kan ƙanƙara a wata unguwa. Hukumomi suna ta roƙon jama'a su zauna a gida, saboda annoba da kuma rassan itatuwa da ke karyewa a kan mutane. A ranar ne kuma ministan harkokin cikin gida, Fernando Grande-Marlaska, ya sanar da mutuwar mutum huɗu a faɗin ƙasar. Biyu daga cikinsu ruwa ne ya tafi da motarsu a lardin Malaga, inda guguwar ta zo da ambaliya, akwai kuma marar matsuguni da sanyi ya kashe a yankin Aragon.

A asibitoci babu wanda ya ga abin murna. Ma'aikatan da suka shiga aiki ranar Juma'a ba su samu masu karɓarsu ba, sai suka zarce da aiki karo biyu, wasu karo uku, suna ɗan runtsawa a kan kujeru. Waɗanda ke gida kuma suka ɗaure takalma suka kama hanya da ƙafa. Jaridun ƙasar sun ba da labarin masu jinya da likitocin da suka yi tafiyar kilomita 14 zuwa 17 a cikin dusa don su karɓi abokan aikinsu. Motocin ɗaukar marasa lafiya ba sa iya shiga unguwanni, ga masu wankin ƙoda da ba a ɗage musu rana, ga mata masu naƙuda. Nan ne masu motocin shiga daji, waɗanda ƙafafunsu huɗu duka ke ja, suka haɗa kansu a manhajar Telegram, asibiti asibiti. Wanda ke da buƙata ya rubuta unguwarsa, direban da ya fi kusa ya amsa, ya ɗaura sarƙa a taya ya je ya ɗauko shi, ba tare da karɓar ko sisi ba. Ba hukuma ce ta tsara wannan ba, kuma ya yi kwanaki yana aiki. Ajiyar jini ma ta yi ƙasa ƙwarai saboda masu bayarwa sun kasa fitowa, har aka yi shela ana neman duk mai iya isa asibiti da ƙafa ya je ya bayar.

Abin hawa ɗaya tak da bai tsaya ba shi ne jirgin ƙarƙashin ƙasa. Tun da aka buɗe shi a 1919, wannan ne karo na biyu da ya yi aiki dare da rana ba hutawa. Shi ya riƙa kai ma'aikatan lafiya da masu shara da masu gasa burodi wuraren aikinsu, aka kuma bar wasu tashoshinsa a buɗe don marasa matsuguni su samu mafaka.

Wahala ta gaske ta fara ne bayan dusar ta daina zuba. Guguwar na wucewa sama ta washe, iska ta kwanta, ɗumin da ƙasa ke da shi ya riƙa tserewa cikin dare. Asubahin Talata 12 ga wata ma'aunin sanyi ya nuna digiri 7 da 'yan kai ƙasa da sifili a lambun Retiro da ke tsakiyar birnin, a bayan gari ya wuce 10, a garin Molina de Aragón kuwa ya kai 25. Dusar da jiya ake kwashewa da hannu ta koma ƙanƙara mai tauri da ba ta jin shebur sai diga. Gishirin da ake barbaɗawa a titi ma ƙarfinsa raguwa yake idan sanyi ya kai haka. Ɗakunan gaggawa suka cika da masu karaya a wuyan hannu da ƙugu da idon sawu, akasarinsu tsofaffi da santsi ya kayar a hanyar sayen burodi ko magani. Bututun ruwa suka daskare suka fashe a gidaje da yawa, ƙanƙara kuma tana ɓallowa daga kan rufi tana faɗowa a gefen titi.

Magajin garin, José Luis Martínez-Almeida, ya roƙi jama'a su taimaka da sharar ƙofar gidajensu, don motocin hukuma manyan hanyoyi suka fara bi. Amma gidan bene a tsakiyar Madrid ina ya ga shebur? Waɗanda ke shagunan kayan gini nan da nan suka ƙare. Sai mutane suka fito da abin da ke hannunsu: matattarar shara, farantin gashi, tukunya, bokiti, guntun katako. Maƙwabtan da suka yi shekaru suna haɗuwa a matakala ba su san sunan juna ba suka jeru, kowa da takunkumi a fuska, wannan na fasawa, wancan na kwashewa, suna buɗe 'yar siririyar hanya daga ƙofar gida zuwa kantin magani, zuwa bakin asibiti, zuwa tashar jirgi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma yawancin ƙananan titunan birnin da irin wannan aikin gayya aka fara buɗe su.

Babbar kasuwar sari ta Mercamadrid, wadda ke ciyar da birnin da kewayensa, ta tsaya cik, sai ranar Talata ta dawo aiki. Kafin nan kantuna sun wayi gari babu burodi, babu madara, babu ganye da 'ya'yan itace. Motocin kwasar shara sun yi kwanaki ba su fita ba, bola ta taru tuli a kowane lungu. Makarantun da aka shirya buɗewa ranar 11 ga wata sai ranar 20 yara suka fara komawa aji. Itatuwa sun ji jiki fiye da komai. Yawancin na dazukan birnin ba sa zubar da ganye a hunturu, don haka jiƙaƙƙiyar dusa ta taru a kansu har rassa suka kasa ɗauka. Hukumar birnin ta ce cikin itatuwan bakin titi kimanin 800,000, wajen 150,000 sun lalace, ban da ɓarnar da aka yi a dajin Casa de Campo. Lambun Retiro ya yi makonni a rufe.

Wahalar kuma ba ta rabu daidai ba. A gefen birnin ta kudu maso gabas akwai unguwar Cañada Real, matsugunin talakawa da aka gina ba bisa tsari ba, inda iyalai 'yan asalin Maroko da 'yan ƙabilar Roma suke da yawa. Tun watan Oktoban 2020 wasu sassanta ba su da wutar lantarki. Kimanin mutum 4,000 ne, 1,800 daga cikinsu yara, Filomena ta tarar a cikin duhu, suna ɗumama ɗaki da itace da tukunyar gas, tafiyar 'yan mintuna a mota daga inda ake sulu a Gran Vía. Dusar ta narke, wutar ba ta dawo ba.

Daga nan sai gardamar siyasa. Gwamnatin yankin ta Isabel Díaz Ayuso da hukumar birnin suka ce abin da ya zuba ya zarce hasashe nesa ba kusa ba, 'yan adawa suka ce an yi gargaɗi tun da wuri amma aka bar mutane suka fita aiki ranar Juma'a, ba a rufe hanyoyi ba, ba a janye bas a kan lokaci ba. Hukumar birnin ta ƙiyasta asarar da aka yi a kan yuro miliyan 1,398, adadin da gwamnatin tsakiya ta Pedro Sánchez ta yi shakka a kansa. Duk da haka, ranar 19 ga wata majalisar ministoci ta ayyana Madrid da wasu yankuna a matsayin wuraren da bala'i ya shafa. Washegari wata sabuwar guguwa ta kawo ruwan sama da iska mai ɗumi, ita ce ta wanke ragowar ƙanƙarar da ta yi kwana goma sha biyu a kan tituna.

Ba adalci ba ne a zargi birnin da ke ganin irin wannan dusa sau ɗaya a shekara hamsin don bai ajiye kayan aiki irin na Mosko ba. Abin da ke hannun shugabanninsa shi ne awannin da ke tsakanin jan gargaɗin ranar Alhamis da yammacin Juma'a, kuma a cikinsu ba a sallami ma'aikata da wuri ba, ba a hana motoci hawa manyan hanyoyi ba. Mutanen da suka kwana a mota sakamakon wannan jinkiri ne. Abin da ya riƙe Madrid a kwanakin da suka biyo baya shi ne jirgin ƙarƙashin ƙasa, da ma'aikatan da suka taka da ƙafa, da maƙwabtan da suka fito da tukwanensu. Su suka cancanci yabo, kuma mutanen Cañada Real su ne birnin ya fi cin amanarsu a wannan hunturu.