Waiwaye Adon Tafiya: Hotunan Fim na Matafiyan Kilomita Biyar

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta shigo tsakanin samarinmu na Kilomita Biyar da 'yan uwansu da ƙaura ta watsa zuwa Kamaru da Cadi. Yaro ya buɗe akwatin mahaifinsa, ya zaro tsohon hoton tafiya da ya koɗe, ya ɗauke shi da waya, ya tura a WhatsApp ko Facebook. Nan da nan a yi ta addu'a ga mamata, a yi ta yabon rawani da babbar riga. Amma da zarar wani ya tambayi sunan na tsaye a hannun dama, ko garin da aka ɗauka, ko shekarar, sai zance ya tsaya. Wannan shiru shi ya sa muka ga ya kamata mu waiwayi tarihin waɗannan hotuna, tun dattawan da za su iya ba da amsa suna raye a cikinmu.

Unguwar nan matafiya suka raya ta. Faransawa sun kafa Bangi a 1889 a bakin kogin Ubangi, sunan unguwarmu kuwa awon hanya ne kawai, wato tazarar kilomita biyar daga tsakiyar gari, abin da a takarda ake rubutawa PK5. Tun a ƙarshen ƙarni na 19 fataken Hausawa suna biyo hanyar Yola da Ngaundare zuwa kasuwar Kunde, kusa da iyakar Kamaru ta yau, suna neman hauren giwa da goro, suna kawo tufafi da kanwa da duwatsun ado. Daga baya wasu suka gangaro Bangi, suka zauna tare da Fulani da Barebari da Larabawan Cadi da mutanen ƙasa, aka yi auratayya, 'ya'ya suka tashi da Hausa a gida da Sango a kasuwa.

Waɗancan na farko ba su bar mana hoto ba sai nadiran. Labarin tafiyarsu a baki yake, sai kuma wasiƙar ajami da ake danƙa wa madugu. Haka kuma mahajjatan ƙasa, waɗanda suka bi ta Wadai da Darfur har Suwakin a bakin Bahar Maliya, suna yada zango su yi noma ko ƙwadago su tara guzuri. Mutum yakan shekara da shekaru bai dawo ba, wani ma a Sudan ya kafa zuri'a. Idan ya dawo, shaidarsa tana harshensa da ƙafafunsa.

Hoto ya shigo gidajenmu ta ƙofar larura. Malamai da yawa sun yi ɗari-ɗari da shi, amma hukuma ta ce ba fasfo ba katin shaida sai da hoto, ba kuma hajji sai da fasfo. Da haka dattijon da bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba ya zauna aka ɗauke shi, kansa a miƙe, fuskarsa a ɗaure. A gidaje da dama wannan ɗan ƙaramin hoton fasfo shi ne kaɗai kamannin kaka da ya rage. Bayan samun 'yancin kai a 1960 da kafa kamfanin jiragen sama na Air Afrique a 1961, wanda ƙasarmu tana cikin masu shi, tafiyar shekaru ta koma ta makonni, hoto kuma ya zama wani ɓangare na tsarabar alhaji, tare da zamzam da dabino da carbi.

Duk wanda ya duba akwatunan unguwar nan zai ga hotunan hajji sun kasu kashi-kashi. Akwai na sallama, wanda ake ɗauka kafin a tafi filin jirgin Mpoko, maniyyaci a tsakiya, iyali a kewaye, kowa ya san mai yiwuwa ganin ƙarshe ke nan. Akwai na can ƙasa mai tsarki, wasu a shagon mai hoto gaban labulen da aka zana masallacin Madina, wasu a Arfa kusa da raƙumi mai ado, wajen masu hoton nan-take. Akwai kuma na dawowa, alhaji ya rame, ya yi duhu, da sabon rawani, hajiya da haƙorin Makka. Ban da hajji, akwai hotunan 'yan kasuwa da direbobin manyan motoci masu bin hanyar Buwali, Yaloke, Buwar, Garwa-Bulai har tashar jiragen ruwa ta Duwala, mutum ya jingina da motarsa, yaran mota a saman kaya. Akwai na almajirai da suka tafi karatu Kano ko Zariya, da na amaren da aka kai Fallomi, garin da ya koma Injamena a 1973.

Ya kamata yaran yanzu su san yadda ake samun hoto a wancan zamani, domin a nan darajarsa take. Fim ɗin Kodak ko Agfa ko Fuji ɗaya hoto 24 ko 36 yake ɗauka, idan ya cika ya cika. Mai kyamara ba ya ganin abin da ya ɗauka sai ya dawo gida ya kai an wanke, ya biya kuɗin fim, ya biya kuɗin wanki. Idan haske ya shiga kyamara a hanya, ko zafin rana ya dafa fim a cikin mota, tafiyar wata biyu ta tashi ba shaida. Saboda haka ba a danna kyamara da gaggawa. A gyara tsayuwa, a jera mutane bisa girma, a jira rana ta koma bayan mai ɗauka. Daga shago kuma mutum yakan karɓo abu biyu a ambulan: hotunan takarda, da uwar hoton, wato ɗan siririn baƙin fim da fari ke fitowa baƙi a jikinsa, wanda a nan muke kira kilishe da bakin Faransawa. Daga kilishe ake sake wanko hoto ko sau nawa ake so, amma mutanenmu da yawa ba su ɗauke shi a bakin komai ba, yara suna wasa da shi suna leƙen rana.

Ranar da hotuna suka fito, zama ake yi. Bayan la'asar a shimfiɗa tabarma a zaure, a kawo shayi, mai tafiya ya zauna a tsakiya. Hoto ya fara daga hannun babba ya gangaro, ana riƙe shi ta gefe, yaro mai maiƙo a hannu kuwa sai dai ya leƙa ta kafaɗa. Kowane hoto da bayaninsa: wannan shi ne mai masaukinmu a Garwa, wannan ɗan Katsina ne da muka haɗu a Mina, wannan gadar a nan motarmu ta kwana uku. Wani dattijo ya ce a'a, ai wannan ɗan wane ne, na san ubansa a Ngaundare. A yi gardama, a gyara, a daidaita. Daga nan ambulan ya shiga cikin gida, mata su yi nasu zaman, su kuma sukan gane zani da sarƙa da dangin da maza suka manta. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a wannan zama gani da ji tare suke aiki, hoto ya nuna fuska, baki ya ba ta suna.

Hoto kuma wasiƙa ne. Shahararren misalinsa a garin nan shi ne Samuel Fosso. An haife shi a Kumba ta Kamaru a 1962, iyayensa Inyamurai, ya tashi a Afikpo ta Nijeriya cikin yaƙin Biyafara, sa'an nan kawunsa ya kawo shi Bangi a 1972. A 1975, yana da shekara 13, ya buɗe shagon hotonsa. Da rana yana ɗaukar masu neman hoton fasfo da na biki, da dare idan fim ya rage 'yan gurabe, sai ya ci ado ya ɗauki kansa don kada su tafi a banza, ya aika wa kakarsa a Nijeriya ta ga yana lafiya. Abin da iyayenmu suke yi ke nan idan sun aika hoto Kano ko Maraɗi a hannun mai tafiya. A 1994 aka nuna hotunansa a taron masu hoto na Afirka na farko a Bamako, daga nan sunansa ya zaga duniya.

Sai fitina ta zo. Seleka ta karɓi Bangi ranar 24 ga Maris 2013, jama'a suka sha wuya a hannunta. Ranar 5 ga Disamba na wannan shekara 'yan Anti-balaka suka auka wa gari, a watannin Janairu da Fabrairu na 2014 kuma dubban Musulmi suka fice cikin jerin motoci zuwa Cadi da Kamaru. A farkon Fabrairun nan, Fosso yana Faris, ɓarayi suka fasa gidansa da ke Miskin, maƙwabciyar unguwarmu. Suka kwashe kyamarori, suka watsar da aikin kusan shekara arba'in a ƙasa. Wani ɗan jarida mai ɗaukar hoto, Jérôme Delay, ya ga kilishe warwatse cikin ƙura ya gane na wane ne. Shi da Marcus Bleasdale da Peter Bouckaert na ƙungiyar Human Rights Watch suka tattara abin da aka ƙiyasta ya kai kilishe 20,000, aka kai wa mai shi. Mafi yawan fuskokin da ke ciki na talakawan Bangi ne da suka zo shago aka ɗauke su.

Fosso ya yi sa'a, gama duniya ta san sunansa, mai wucewa kuma ya san darajar abin da ya gani a ƙasa. Akwatunan gidajenmu ba su sami mai tsinta ba. Wanda ya fita da ɗansa a kafaɗa ba ya waiwayar kundin hotuna, gidajen da aka rusa kuwa ruwan sama ya ƙarasa abin da wuta ta bari. Abin da ya tsira ya rarrabu, wani a Garwa-Bulai, wani a Injamena, wani a nan ƙarƙashin gado, danshin Bangi da gara suna cinsa a hankali. Hotuna masu launi suna komawa ja-ja, shagunan wanke fim sun yi ƙaranci tun da waya ta karɓe sana'ar, har kamfanin Kodak da kansa ya durƙushe a 2012. Kada kuma mu dogara da waya. Ranar 30 ga Nuwamba 2015, da Fafaroma Francis ya ziyarci Babban Masallacinmu, hannuwa ba iyaka suka ɗaga wayoyi. Yau a tambayi mutum nasa hoton, sau da yawa amsar ita ce wayar ta mutu ko an sace.

Abin da ya sa wannan magana ta wuce ta kewar da, kowa a unguwar nan ya sani. An sha ce mana baƙi a garin da aka binne cibiyar iyayenmu, matasanmu kuma suna shan tambayoyi idan sun je neman takardar shaida. Hoton tafiya ba takardar hukuma ba ne, ba zai maye gurbin takardar haihuwa ba. Amma yana faɗin wata gaskiya mai nauyi: mutumin nan daga Bangi ya tashi, Bangi ya dawo. Hatimin shago a bayan hoton, lambar motar, alamar jirgi, ginin da ke bayan mutane, duk shaidu ne cewa shekaru hamsin da sittin da suka wuce nan ne gidanmu. Sai dai shaidar ba ta tsayawa sai da suna da wuri da shekara. Mun koya a gaban malamanmu cewa labari ba isnadi ba a kafa hujja da shi. Hoton da ba a san na ciki ba, haka yake.

Saboda haka muna roƙon kowane gida ya fito da abin da yake da shi, a kai gaban mafi tsufa a dangi, namiji ko mace, a yi zama irin na da. Abin da suka faɗa a rubuta da fensir a bayan hoton, domin tawadar biro tana huda takarda: sunayen mutane daga dama zuwa hagu, gari, dalilin tafiya, shekara, da sunan wanda ya ba da bayanin. Idan an manta shekara, a ɗaure ta da abin da kowa ya sani, kamar naɗin sarautar Bokasa a Disamba 1977. Inda dattawa biyu suka saɓa, a rubuta maganar kowa. Mai ɗauka da waya ya ɗauka a inuwa, gaba da baya, ya aika wa 'yan uwa a ƙalla a gari biyu, kuma kada bayanin ya rabu da hoton. Kilishe a sa shi a ambulan na takarda, a wuri busasshe nesa da ƙasa, kada a ƙulle shi a leda, kada kuma a liƙe tsohon hoto da roba mai zafi. Hoton matan mutane kuwa ba a sa shi a bainar jama'a sai da yardar masu shi ko magadansu.

Dattawan da suka hau jirgin Air Afrique, kamfanin da ya rufe tun 2002, sun ragu ƙwarai, kowace damina kuma tana tafiya da wasu. Wanda yake da tsoho a gida, kada ya jira sai an yi sadakar uku sa'an nan ya buɗe akwati. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya dawo da na nesa gida lafiya, ya zaunar da ƙasarmu. Amin.