Haramci ba tare da linzami ba: cacar waya da ikon jiha a arewa maso yammacin Jigawa

A ranar 22 ga Nuwamba, 2024, Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukunci a ƙarar da Jihar Legas ta shigar tun 2008. Kotun ta ce Majalisar Tarayya ba ta da hurumin yi wa jihohi dokar caca, don haka dokar cacar ƙasa ta 2005 da hukumar da aka kafa a ƙarƙashinta ba za su yi aiki ba sai a Abuja. Legas haraji take nema. Amma hukuncin ya shafi Jigawa, wadda ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, kuma ya cire wata hujja da masu shagunan caca suka daɗe suna fakewa da ita, wato lasisin tarayya.

Maganar wannan maƙala ita ce, ikon da ya dawo Dutse iko ne a kan shago, alhali cacar kanta ta koma cikin waya.

Ƙasashe sun bi hanyoyi daban-daban. A Nijar, wadda mutumin Babura ke kaiwa ta hanyar Babban Mutum zuwa Magariya, gwamnati ce da kanta ke da kamfanin caca, LONANI, har ana zuba kuɗi a kan sukuwar dawakin da ake yi a Faransa. Ingila ta fara cacar ƙasa a 1994, ta damƙa wa kamfani ɗaya, Camelot, har zuwa 2024 da Allwyn ya karɓa, da sharaɗin ware wani kaso don wasanni da al'adu da ayyukan jinƙai. A Amurka kowace jiha da tata dokar. Yuta da Hawayi sun hana gaba ɗaya. Malesiya ce ta fi kama da mu: tarayya na ba da lasisi, an hana Musulmi shiga, jihar Kelantan kuma ta rufe shagunan tun 1990.

Duk waɗannan tsare-tsare an gina su ne a zamanin takarda, lokacin da dole mai caca ya je wani wuri ya yanki tikiti. Hisba na iya garƙame ƙofa, kamar yadda ta Kano ta yi wa shagunan cacar ƙwallo a ƙarshen 2024. To, amma saurayin da ke gidan kallon ƙwallo a Kazaure ko Roni ko Gwiwa ba ya buƙatar ƙofa. Yana ba mai POS kuɗi a tura masa cikin asusu, ya buɗe manhajar kamfanin da ke da rajista a Legas, ya zuba a kan wasan Firimiya. Layin waya yana ƙarƙashin hukumar sadarwa ta ƙasa, asusun kuma ƙarƙashin Babban Banki, kuma kundin tsarin mulki na 1999 ya bar sadarwa da harkar banki a hannun tarayya kaɗai. Jiha ke da hukuncin, tarayya ke riƙe da hanyar da kuɗin ke bi.

Wasu na ganin mafita ita ce a halatta a karɓi haraji, tunda kuɗin na fita ko an so ko an ƙi. Wannan ba zai karɓu a Jigawa ba, domin haramcin caca nassi ne a Suratul Ma'ida, ba ra'ayin wani gwamna ba. Sai dai masu wannan magana sun taɓo gaskiya guda: a halin yanzu ɗan Gwiwa ne ke asara, baitulmalin wata jihar ke ƙaruwa, kuma in kamfani ya hana shi abin da ya ci, ba ya iya kai ƙara ba tare da ya tona wa kansa asiri ba.

Saboda haka haramci ma yana buƙatar ma'aikata da tsari, ba samame kawai ba. Jihohin Amurka suna tilasta wa kamfanoni gano inda waya take kafin su karɓi kuɗi, su ƙi wanda ke wajen iyaka. Fasahar tana nan. Jigawa na iya neman jihohin da ke ba da lasisi su sa wannan sharaɗi, ta nemi Babban Banki ya toshe tura kuɗi zuwa asusun caca daga yankinta, ƙananan hukumomi kuma su ɗaure izinin gidajen kallo da sharaɗin hana tallar caca. Na farko da na biyu sai da yardar wasu. Na ukun kuwa sakatariyar Kazaure ko ta Babura na iya fara shi a bana.