Da Jamus Ta Ci Yaƙi, Ina Gwamnatin Bishi Za Ta Kwana?

Akwai wata magana da ba ta ƙarewa a majalisunmu, watau a ce da Jamus ta ci Yaƙin Duniya na biyu da mun huta da Ingila da Faransa tun da wuri. Samari suna faɗinta, wasu dattawa ma suna gyaɗa kai. Mu da muke koyar da nahawu mun san harafin "lau" na Larabci, wanda ake kawowa a kan abin da bai auku ba saboda sharaɗinsa bai auku ba. To, bari mu ɗauki wannan harafi mu aza shi a kan gwamnati guda, mu ga inda zai kai mu. Gwamnatin kuwa ita ce ta Bishi, garin da Faransawa ke rubutawa Vichy. Mun zaɓe ta ne don iyakarta ta zo har bakin ƙofarmu.

Ga asalin abin. Ran 10 ga Mayu 1940 Jamus ta auka wa Faransa, cikin mako shida ta karya ta. Ran 22 ga Yuni aka sa hannu a takardar tsai da yaƙi, a cikin taragon jirgin ƙasan nan da aka sa Jamus ta miƙa wuya a 1918, don Hitila ya rama wulaƙanci. Jamus ta riƙe arewacin ƙasar da Faris da dukan gaɓar yamma, ta bar kudu a hannun wani tsohon soja, Mashal Petan, mai shekara 84, wanda ya yi suna a yaƙin farko. Ran 10 ga Yuli wakilan majalisa suka taru a Bishi, wani ɗan garin da masu ciwo ke zuwa wankan ruwan zafi, mutum 569 suka yarda a danƙa masa dukan iko, 80 suka ƙi. Ofisoshin gwamnati a ɗakunan otal aka buɗe su. An bar masa soja 100,000 a gida, da jiragen yaƙi na ruwa, da ƙasashen da Faransa ke mulki a waje. Wannan na ƙarshe shi ne ya shafe mu.

Ku dubi taswira. Ƙasar nan tamu, wadda a lokacin ake kira Gwalkos, yamma da ita Kwaddibuwa, arewa ƙasar Moshi, gabas Togon Faransa. Duk waɗannan, har da Nijar da Dahomi da Senegal, suna ƙarƙashin Gwamna Buwason na Dakar, shi kuwa Petan ya bi. A Satumba 1940 Ingila da Janar Digol suka kawo jiragen ruwa Dakar, ya buɗe musu wuta kwana uku, suka koma. Daga nan iyaka ta yi tsanani. Wanda ya san fataucin goro da shanu tsakanin Kumasi da Wagadugu da Yamai ya san abin da rufe hanya ke nufi ga zango. A farkon 1942 Sarkin Gyaman na Bonduku ya gaji, ya kwashi dubban mutanensa ya tsallako wajen Ingilishi.

Cadi ce ta saɓa. Gwamnanta Feliks Ebuwe, baƙar fata ɗan Giyana ta Kudancin Amurka, ya bi Digol ran 26 ga Agusta 1940, kashegari Kamaru ta biyo. Ba ƙaramin abu ya yi ba. Saboda Cadi ta buɗe, sai aka riƙa kawo jiragen sama cikin akwatuna zuwa Takoradi, a haɗa su, su tashi ta Ikko da Kano da Maiduguri da Fallomi da Hartum har Masar. Dubban jirage sun bi wannan hanya. Har a Janairu 1942 wani jirgin Jamus ya ƙetaro Sahara ya jefa bom a filin Fallomi don ya yanke ta.

To, yanzu sai "lau". A ƙarshen Mayu 1940, lokacin da sojan Ingila ke maƙale a Dankak, an yi kwanaki ana gardama a majalisar yaƙi ta Landan ko a nemi sulhu ta hannun Musolini. Cocil ya ƙi, ya rinjaya. Mu ɗauka bai rinjaya ba, Ingila ta yi sulhu, Amurka ba ta shigo ba, Jamus ta zauna daram a Turai. Ina Petan da mutanensa?

Su dai abin da suka sa rai shi ne Faransa ta zama ta biyu a sabon tsarin Turai. Don haka Petan ya tafi Mantuwar a Oktoba 1940 ya gaisa da Hitila, ya gaya wa jama'arsa ya shiga hanyar haɗa kai. Amma ran wanka ba a ɓoyon cibi, mu duba abin da aka yi musu tun ana bukatarsu. Jamus ta ɗora musu kuɗin ciyar da sojanta, faran miliyan 400 kowace rana. Ta haɗiye lardunan Alzas da Loren ba tare da an rubuta a takarda ba. Ta riƙe fursunonin yaƙi wajen miliyan ɗaya da rabi, tana sakin kaɗan kaɗan kamar mai ba jariri ruwa. Daga baya ta ɗebi samari fiye da 600,000 zuwa aikin tilas a masana'antunta. Kuma har yaƙin ya ƙare Hitila bai yarda ya rubuta takardar sulhu ta dindindin da Faransa ba, don kada ya ɗaure hannunsa. In haka aka yi wa bara ran da ake bukatar ya riƙe linzami, yaya ran da aka sauka daga doki?

Masu karatun tarihi sun san irin wannan sarauta. Tun daga shekarar 945 da Buwaihawa suka shiga Bagadaza, Halifan Abbasiyawa ya koma sai a ambaci sunansa a huɗuba, a buga shi a jikin kuɗi, amma takobi da baitulmali suna hannun wani. Muna tsammani haka Bishi za ta zama: tuta tata, tambari nata, hukunci na Balin. Petan ya rayu har 1951, saboda haka da sun sami shekara goma suna fakewa da furfurarsa. Bayansa kuwa sai irin su Labal, wanda ya faɗa a rediyo a Yunin 1942 cewa yana fatan Jamus ta yi nasara, ko Darnan, shugaban 'yan bangan da aka kafa a 1943 don farautar masu tawaye. Gwamnatin je-ka-na-yi-ka kullum mafi biyayya ne ke gadonta, don ubangida ne ke zaɓe.

Kada kuma a ce duk muguntar tilasta musu aka yi. Dokar ware Yahudawa ta 3 ga Oktoba 1940 da kansu suka rubuta ta, Jamus ba ta nema ba. A Yulin 1942 'yan sandan Faransa ne suka kama Yahudawa wajen 13,000 a Faris cikin kwana biyu, har da yara ƙanana kusan 4,000. Jimlar waɗanda aka kwashe daga Faransa ta kai 75,000, waɗanda suka komo ba su fi 'yan dubbai kaɗan ba. Kashi uku cikin huɗu na Yahudawan ƙasar sun tsira, saboda mutane sun ɓoye su kuma yaƙin ya ƙare. Da bai ƙare haka ba, ɓuya tana da iyaka.

Sai mu komo gida, inda maganar ta fi zafi. Bishi ta yi ta cewa biyayyarta ce za ta tsare mata ƙasashen Afirka. Amma kuraye uku ne ke zagaya wannan akuya. Italiya tana son Tunis da Jibuti. Faranko na Sifen ya gaya wa Hitila a Oktoba 1940 yana son Maroko da Wahran. Jamus kuwa tana da ofishi musamman na shirin mulkin mallaka a ƙarƙashin Janar Fon Ef, kuma a 1940 ma'aikatanta suka zana wata babbar ƙasa a tsakiyar Afirka: a komo da Togo da Kamaru da Tanganyika, a haɗa da Kwango da ƙasashen Faransa na tsakiya, wasu takardun har da Nijeriya. Sojan ruwansu kuma Dakar suke so. Ashe da Fallomi da Garwa, watakila har Kano, da Jamusanci za a riƙa karɓar haraji. Yendi da Kete-Karachi da Ho, waɗanda ke cikin Togon Jamus kafin 1914, babu shakka da sun koma. Abin da ya rage wa Bishi sai Sahara da bakinta, shi ma aro.

Mun san akwai masu tuna Jamus da alheri a Togo, har an kafa ƙungiyar neman komowarta a Ankara tsakanin yaƙoƙin biyu. Alhaji Umaru na Kete-Karachi ma, wanda ya rasu a 1934, ya zauna lafiya da jami'insu Mishilis, ya rubuta masa tarihin ƙasar Hausa. Amma Jamus ta Kaisa daban, ta Hitila daban, ko da yake ta farkon ma ita ce ta hallaka Herero a 1904. Ta biyun ta rubuta daftarin dokar da za ta hana aure tsakanin fari da baƙi, da tsarin ba kowane namiji baƙi littafin aiki. A Yunin 1940 sojanta sun ware sojojin Afirka daga cikin fursunonin Faransa sun harbe su, a ƙauyen Shasale da wasu wurare. Kyaftin Ncorere, ɗan Gabon, an harbe shi ne don ya ce shi hafsa ne, a tsai da shi cikin hafsoshi. Hitila da kansa ya rubuta a littafinsa cewa koyar da baƙin mutum har ya zama lauya laifi ne. To, wace makaranta za a buɗe mana?

A ɓangaren da za a bar wa Bishi ma, mun ga samfur. Aikin tilas ya ƙaru a zamaninta, aka matsa wa talakawa su kawo gyaɗa da auduga da roba. A Maris 1941 ta yi dokar shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Bahar Rum zuwa Kwara, ta fara aikin da fursunoni a hamadar Aljeriya. Da an ci gaba, wa zai ɗauki ƙarfen daga Gawo zuwa sama in ba Moshi da Zabarmawa da Hausawa ba? Malamai kuma su tuna da Shehu Hamahullahi na Nioro. A Yunin 1941 gwamnatin Buwason ta kama shi, ta kai shi Aljeriya, daga nan Faransa, ya rasu a Monluson a Janairu 1943, cikin sanyin da bai saba da shi ba. Masu cewa Hitila abokin Musulmi ne su sani, da Muftin Ƙudus ya gana da shi a Nuwamba 1941 ya roƙi ya yi shelar 'yancin Larabawa, bai yi ba, ya ce lokaci bai yi ba, don kada ya ɓata wa Faransawa. Abokinsa Musolini kuwa shi ya rataye Umar Mukhtar a 1931.

Ba muna wanke waɗanda suka ci yaƙin ba ne. A Disamba 1944 sojan Faransa ta Digol ne suka harbe tsofaffin fursunonin Afirka a barikin Caroy kusa da Dakar don sun nemi haƙƙinsu. A Fabrairu 1948 a Ankara ɗan sandan Ingila ya harbe tsofaffin soja uku, cikinsu har da Saje Ajete. Amma ku lura da abin da ya biyo baya. A Afrilun 1946 majalisar Faris, da 'yan Afirka zaune a cikinta, ta soke aikin tilas da dokar da ke ɗauke da sunan Hufuwe-Buwanyi. Harbin 1948 ya jawo kwamitin bincike, sa'an nan zaɓen 1951, sa'an nan 6 ga Maris 1957. Waɗannan ƙofofi ne, majalisa da jarida da kotu da ƙuri'a, ko da a ƙyar aka tura su. Bishi ta rufe majalisarta tun ranar farko, ta rushe manyan ƙungiyoyin ma'aikata. A ƙarƙashinta Hufuwe da Sengor ba su da kujerar da za su zauna su yi magana, shi Sengor ma a sansanin fursunoni na Jamus yake har 1942. Ko 'yanci zai zo daga baya, muna ganin sai ta hanyar jini, irin ta Aljeriya ko fiye.

Yadda abin ya ƙare a zahiri gajere ne. Ran 8 ga Nuwamba 1942 Amurka da Ingila suka sauka Maroko da Aljeriya. Bayan kwana uku Jamus ta mamaye kudancin Faransa ba ta nemi izinin kowa ba, ran 27 ga watan matuƙan Faransa suka nutsar da jiragensu a Tulon da hannunsu, Buwason kuwa ya riga ya sauya sheƙa. A 1944 Jamusawa suka kwashe Petan da Labal zuwa wani tsohon gidan sarauta a Sigmaringen, cikin ƙasar Jamus, aka kafa tutar Faransa a kan soro, 'yan koren da suka biyo su suna ta rigimar muƙami a kan ƙasar da ba su da ko taki ɗaya a cikinta. An harbe Labal a Oktoba 1945. Petan an yanke masa hukuncin kisa, Digol ya mayar da shi ɗaurin rai da rai saboda tsufa, ya mutu a tsare a wani ɗan tsibiri yana da shekara 95.