Nazarin mutum ɗaya da neman ƙa'idar bai-ɗaya

Nazarin mutum ɗaya da neman ƙa'idar bai-ɗaya hanyoyi ne biyu na bincike a ilimin halayyar ɗan Adam. Ta farko tana zurfafawa cikin rayuwar mutum guda, ta biyu kuwa tana gwada mutane da yawa don gano abin da ya game kowa. Masanin falsafa Bajamushe Wilhelm Windelband ne ya bambanta su a 1894, sannan Gordon Allport ya yaɗa batun a Amurka a 1937.

Misalin ta farko a ƙasar Hausa shi ne littafin Baba of Karo na 1954, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata Bahaushiya a lardin Zazzau. Sai dai labarin mutum ɗaya ba ya wakiltar al'umma, alƙaluma kuma sukan ɓoye bambancin mutane.